Muhawara: Me ya sa talauci ya ƙi sakin gidajen al'ummar Roma a Turai?

Malama Binta, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga mazauna Turai. Ina haɗa darasi ne a kan talauci, sai na ci karo da binciken da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai, wato FRA, ta yi a 2021 a kan al'ummar Roma. Kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasa da layin talauci na ƙasashen da suke zaune, alhali a jama'ar Tarayyar gaba ɗaya kashi 17 ne. Na koma binciken 2016, shi ma kashi 80 ɗin ne. Shekara biyar, ko gezau. Kuma kashi 22 suna zaune a gidajen da babu famfo. A Turai fa, inda muke jin makaranta kyauta ce, ga kuɗin tallafi duk wata. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya fahimtar da ni.

Sadiƙu, Zariya:
Wa'alaikumus salam Malama. Mutanen birnin Rum na Italiya kike nufi ko 'yan ƙasar Romaniya?

Dakta Sa'adatu, Cluj:
Ko ɗaya, ƙanena. Ƙabila ce mai zaman kanta. Kakanninsu sun taso daga arewacin Indiya kimanin shekara dubu da suka wuce, harshensu ɗan uwan Hindi da Punjabi ne. An ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a Turai, kusan miliyan 6 a cikin Tarayyar. Sun fi yawa a Romaniya, Bulgeriya, Hungari, Sulobakiya, Sifen da Turkiyya. Su ne Turawa ke ce wa Jifsi ko Tsigan, sunayen da da yawansu ke ɗauka zagi.

Malama, layin da aka yi awo da shi kuwa shi ne wanda samunsa bai kai kashi 60 na samun mutumin da ke tsakiyar sahu a ƙasarsa ba. Amma kada ki ɗauka talaucin kwatance ne kawai. A binciken 2016, yaro ɗaya cikin uku yana gidan da wani ya kwana da yunwa a watan da ya gabata. Binciken 2021 kuma ya nuna matansu na rasuwa da wuri da shekara 11 idan aka gwada da sauran mata, mazan da shekara 9.

Alhaji Ɗanlami, Napoli:
Dakta, da Malama, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, gani ya kori ji. Na daɗe a Italiya. Kullum ina ganinsu a bakin tashar jirgin ƙasa, mata da jarirai a hannu suna bara, yara suna yankan aljihu. Ni kaina an zare min jakar kuɗi a cikin jirgi, da takardar zamana a ciki, sai da na sha wahala kafin na sami wata. Mu da muka zo babu takarda, babu harshe, babu dangi, muka tsinki tumatir a Foggia rana tana dukanmu, muka yi talla a bakin teku, yau alhamdu lillahi muna da shago muna biyan haraji. Su da aka haifa a nan fa? Wanda ya ƙi aiki ba talauci ne ya kama shi ba, shi ne ya kama talauci.

Ɗan Damagaram, Liyon:
Alhaji bai faɗi ƙarya ba a kan abin da ido ke gani. Nan Faransa ma haka ne, bukkoki na kwano da katako a ƙarƙashin gada. Sai dai akwai abin da na lura da shi. Duk 'yan watanni 'yan sanda su zo da katafila su rushe sansanin. Yaron da ya fara zuwa lekol ya bari, uban da ya fara samun aikin gini ya rasa, a koma wani gefen gari a fara daga farko. A 2010 Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, ya ba da umarnin rushe sansanoni, aka dinga ba babba yuro 300, yaro yuro 100, a sa su jirgi zuwa Romaniya da Bulgeriya. Da yawa suka dawo, don abin da suka gudo wa yana nan yana jiransu.

Dakta Sa'adatu, Cluj:
Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya mayar da alheri, sata sata ce ko wa ya yi ta. Amma waɗanda kake gani a tasha 'yan kaɗan ne daga cikin miliyoyi. Ba ka ganin matar da ke sharar titi da asuba, ko mai yankan nama a mahautar Jamus, ko ma'aikaciyar jinyar da ke ɓoye asalinta don kada marasa lafiya su ƙi ta.

Bari in ba ka labarin ƙasar da nake zaune. A yankunan Walakiya da Moldabiya, waɗanda suka haɗu suka zama Romaniya, al'ummar Roma bayi ne. Takarda mafi tsufa da ta ambace su a matsayin bayi ta 1385 ce. Sarki na da nasa, gidajen ibada na da nasu, manyan masu ƙasa na da nasu, ana sayarwa, ana bayarwa kyauta, ana gado. Ba a 'yanta su ba sai 1855 a Moldabiya da 1856 a Walakiya. Kusan shekara 500 ke nan. Da aka 'yanta su, masu bayin ne doka ta tanadar wa diyya, su kuwa bayin aka sake su hannu rabbana. Da aka yi rabon gonaki a 1864, mafi yawansu ba su samu ko taki ɗaya ba.

Sai yaƙin duniya na biyu. A 1942 gwamnatin Antonescu, mai mulkin Romaniya a lokacin, ta kwashi kimanin 25,000 ta zubar a yankin Transnistriya da ta mamaye, kusan 11,000 suka mutu da yunwa da sanyi da cuta. A Turai gaba ɗaya 'yan Nazi da abokansu sun kashe tsakanin 220,000 da 500,000. A daren 2 ga Agusta 1944 kaɗai an hallaka dubbai a sansanin Auschwitz. Dawakai, kekunan doki, zinariyar mata, kayan sana'a, duk an ƙwace.

Zamanin kwaminisanci ya ba su aiki, gaskiya ne, amma mafi ƙasƙanci: lebura a masana'anta, shara, gonar gwamnati. Da tsarin ya rushe a 1989 su aka fara sallama. A 1991 aka yi dokar mayar wa mutane gonakin da gwamnati ta ƙwace. Wa za a mayar wa? Wanda kakansa ke da gona. Wanda kakan kakansa bawa ne, me za a mayar masa? Kai Alhaji da ka taho Italiya, ina kyautata zaton akwai gidan gado a baya, akwai wanda ya sayar da wani abu ya haɗa maka kuɗin hanya, kuma ka yi karatun da za ka iya lissafin cinikinka. Su wannan tudun dafawar ne babu.

Alhaji Ɗanlami, Napoli:
Dakta na ji tarihi, kuma ya taɓa ni. Amma 1856 ba jiya ba ce. Sannan ki gaya min, su waye masu manyan benayen nan na ƙauyen Buzescu a Romaniya da ake nunawa, masu rufin kwano kamar fadar sarki? Ba su ba ne?

Dakta Sa'adatu, Cluj:
Su ne, ranka ya daɗe. Yawancinsu zuriyar maƙeran tagulla ne da suka samu kuɗi a cinikin ƙarfe bayan 1989. Amma titi ɗaya ne a ƙauye ɗaya. Zo nan Cluj in kai ka Pata Rat, gefen babban jujin birni. A watan Disamba na 2010, cikin tsananin sanyi, aka tashi iyalai 76 daga titin Coastei a tsakiyar gari aka kai su can. Wasu aka ba su ɗaki guda iyali ɗaya, wasu ko ɗakin ba su samu ba. Mutanen da 'ya'yansu ke makaranta, manyansu ke aiki a cikin gari. Yanzu ka je neman aiki a tambaye ka adireshi ka ce Pata Rat, ka ga ko za a sake kiranka.

Injiniya Kabiru, Brno:
Salamu alaikum. Bari in sa baki daga Jamhuriyar Cek, don ni abin da ya fi damuna shi ne yadda talaucin ke haifar kansa a yau, ba a 1856 ba.

A fara da makaranta. Shekara da shekaru ana yi wa yara gwaji da harshen Cek suna da shekara shida, yaron da a gidansu ake magana da Romani, harshen Roma, ya kasa, sai a rubuta cewa yana da raunin ƙwaƙwalwa, a tura shi makarantar masu buƙata ta musamman. Yara 18 daga birnin Ostrava suka kai ƙara, a Nuwamban 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce an nuna musu wariya. Shaidar da aka gabatar ta nuna a birnin, yiwuwar a tura yaron Roma irin wannan makaranta ta ninka ta sauran yara sau 27. Wanda ya fito daga can ba shi da hanyar sakandare ta gaske. An yi irin wannan hukunci a kan Kuroshiya a 2010, da Hungari a 2013, kuma a 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gurfanar da Sulobakiya a kan raba yara a makarantu. Ba tsohon zance ba ne.

Sai bashi, wanda shi ne sarƙar da ba a gani. A nan mutum zai hau bas babu tikiti a ci shi tara. Bai biya ba, ko takardar ta je tsohon adireshi, sai a ɗora kuɗin lauya da na mai karɓar bashi na kotu, ƙaramar tara ta ninka sau da yawa. Har yara an samu da irin wannan bashi. Da zarar mutum ya samu aiki na hukuma, sai a fara yankar albashin tun daga tushe. Me zai yi? Sai ya koma aikin bayan fage, a biya shi a hannu. Babu fansho, babu inshorar rauni, ranar da ya faɗo daga bene gidan ya tsaya cak. Daga nesa sai ka ce ba ya aiki, alhali kullum yana kan gini.

Gida kuma, mai haya da ya ji sunan iyali ko ya ga fatar mutum sai ya ce an riga an kama. Dole su faɗa gidajen kwana na 'yan kasuwa, ɗaki ɗaya da banɗaki na tarayya, a farashin da ya kai na gida mai kyau, mai ginin yana kwashe tallafin hayar da gwamnati ke bayarwa. 'Yan Cek da kansu suna kiran abin cinikin talauci.

Maman Ilham, Debrecen:
Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A ƙauyukan arewa maso gabashin Hungari, rayuwar gida tana tafiya ne da ranar da kuɗin tallafi ke shigowa. Makon farko a ci, a biya mai kanti. Mako na uku a koma cin bashi. Idan yaro ya kwanta rashin lafiya, ko aka yi rasuwa, ko itacen ɗumama ɗaki ya ƙare a tsakiyar hunturu, banki ba zai kalle su ba, sai mai ba da kuɗi da ruwa na unguwa. Ka karɓi goma ka biya goma sha biyar ko ashirin a ƙarshen wata. Wani ma katin bankin yake riƙewa, ranar biya shi zai fara cira. Daga nan gidan ya shiga rami.

Amma ni ba zan wanke kowa tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu ba da kuɗin ruwan nan sau da yawa 'yan uwansu ne. A wasu dangogin ana aurar da yarinya tana da shekara 14 ko 15, karatu ya tsaya nan. Ku duba alƙaluman 2021: kashi 58 na mazan suna aikin da ake biya, matan kashi 28 kacal. Gidan da hannu ɗaya ke nema, baki takwas ke ci, ina zai tara? Matan Roma masu fafutuka su ne kan gaba wajen faɗin wannan, ba ni na ƙirƙira ba.

Dakta Sa'adatu, Cluj:
Haka yake, Yaya. Sai dai a haɗa da dalilin da ya sa uwa ke tsoron hukuma. A tsohuwar Cekosulobakiya, da Jamhuriyar Cek bayanta, an dinga juya wa matan Roma mahaifa ba da saninsu ba, wata ana ba ta takarda ta sa hannu tana kan naƙuda. Sai a 2021 Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan diyyar koruna 300,000, kuɗin ƙasar, ga kowace mace, dokar kuma ta shafi abin da ya faru daga 1966 har 2012. Matar da aka yi wa uwarta haka, da wane ido za ta kalli asibiti da ofishin gwamnati?

Abu Hafsat, Wad Madani:
Ina biye da ku. Mu a Sudan akwai waɗanda ake kira Halab, maƙera da masu gyaran tukwane, ana danganta su da Dom, dangin Roma da suka bazu a ƙasashen Larabawa. Su ma ba a cika ba su aure ba, ba a cika yarda da su ba. Kuma ku sani, Roma da yawa a Bulgeriya, Kosobo, Masedoniya ta Arewa, Albaniya da Turkiyya Musulmi ne. Ba don sai mutum ya zama Musulmi za a tausaya masa ba, na faɗa ne don wasunmu na tsaye sahu ɗaya da su a masallatan Jamus ba su sani ba.

Sadiƙu, Zariya:
Ni wallahi duk bayanin nan almajiranmu yake tuna min. Yaro yana bara, kowa na zagin iyayensa, babu mai tambayar me ya kore shi daga ƙauye.

Malama Binta, Kano:
Akwai kama ta wannan fuskar, Sadiƙu, amma da bambanci babba. Almajiri idan ya girma ya kama kasuwa ya yi kuɗi, ya zama Alhaji, babu mai hana shi haya ko aure. Shi ɗan Roma ko digiri ya yi, sunan da fatar suna biye da shi. Injiniya, Dakta, to ina aka taɓa gwada wani abu ya yi aiki? Ba na son in bar ɗalibaina da baƙin labari kawai.

Injiniya Kabiru, Brno:
Akwai, Malama. Wanda aka fi ambata shi ne ƙauyen Spissky Hrhov a gabashin Sulobakiya. Magajin garin na lokacin, Vladimir Ledecky, ya kafa kamfanin ƙaramar hukuma ya ɗebi mutanen da kowa ya ce ba sa son aiki. Suka fara da buga tubalin daɓen hanya, suka koma gine-gine da aikin katako. Aka daidaita takardun filaye, aka gina gidaje da hannunsu, aka ja ruwa da wuta, yara suka shiga aji ɗaya da sauran yara. Ƙauyen da mutane ke gudu sai ga shi ana tururuwar sayen fili a cikinsa. Mutanen nan dai su ne, ba a sauya su da wasu ba.

A Sulobakiya ɗin kuma akwai shirin Omama da aka fara a 2018. Ana horar da mata 'yan unguwar, a biya su albashi, su dinga shiga gida gida suna koya wa uwa yadda za ta yi wasa da karatu da jaririnta tun kafin ya kai shekara uku, don kada ya isa gwajin nan a baya. A Sifen shirin Acceder yana koyar da sana'a yana haɗa matasa da kamfanoni tun 2000. A Pecs ta Hungari an buɗe sakandaren Gandhi a 1994.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin aikin gayya na gwamnatin Hungari, inda ake biyan mutum ƙasa da mafi ƙarancin albashi ya yi sharar titi shekara da shekaru. Yana rage yunwa, amma ba ya fitar da kowa.

Alhaji Ɗanlami, Napoli:
To Injiniya, an yi shekara goma na shigar da Roma cikin al'umma daga 2005 zuwa 2015, an sake sabon tsari a 2020 zuwa 2030, kuɗi kuwa an zuba. Ƙauye ɗaya kake nuna min. Ina sauran kuɗin suka tafi?

Maman Ilham, Debrecen:
Tambayarka a kan hanya take, Alhaji. Kuɗin sai ƙaramar hukuma ta nema suke zuwa, shugaban da ya ja famfo zuwa unguwar Roma kuwa yana tsoron faɗuwa zaɓe. Wani gara ya gina katanga, kamar yadda aka yi a Ostrovany ta Sulobakiya da Baia Mare ta Romaniya. Abin da aka nema ɗin ma da yawa a taro da horon kwana uku yake ƙarewa. Sannan gidan da aka gina ba bisa izini ba, doka ba ta bari a ja masa ruwa, ga kuɗi ga buƙata amma takardar fili ta raba su.

Alhaji Ɗanlami, Napoli:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa iyayen da ke tura yaro sata suna da alhaki, talauci ko ba talauci ba. Amma ina tuna 2008 da aka cinna wa sansaninsu wuta a Ponticelli nan Napoli, mata suna gudu da yara, wannan kam zalunci ne. Bari in yi tambaya ta aiki. Akwai wani saurayi da ke tara tsofaffin ƙarafa a layinmu, yana da ladabi, yakan taya ni sauke kaya. Idan na so ɗaukarsa aiki a kan ƙa'ida, doka ta yarda?

Ɗan Damagaram, Liyon:
Ya danganta da inda iyayensa suka fito, Alhaji. Idan 'yan Romaniya ne ko Bulgeriya, ɗan Tarayyar Turai ne, ƙasashen sun shiga tun 2007, kuma tun farkon 2014 babu ƙasar Tarayyar da ke hana su aiki. Katin shaidarsa da lambar haraji sun isa a rubuta kwantiragi. Matsalar tana wajen waɗanda iyayensu suka gudo daga tsohuwar Yugosulabiya lokacin yaƙin Bosniya da Kosobo, kuma suna da yawa a kewayen Napoli. Wasunsu babu ƙasar da ta rubuta su a matsayin nata.

Dakta Sa'adatu, Cluj:
Ƙari a kan haka, ranka ya daɗe, haihuwa a Italiya ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa kai tsaye. Wanda aka haifa a can yana da damar nema idan ya cika 18, amma kafin ya cika 19, kuma sai ya nuna bai taɓa barin zama a ƙasar ba. Yaran sansani da yawa damar na wuce su don babu wanda ya gaya musu. Ka fara tambayarsa shekarunsa da irin takardar da ke hannunsa. Idan bai kai 19 ba, ka sa ya nemo takardun makarantar da ya yi da katin rigakafinsa, ana karɓarsu a matsayin shaidar zama, sannan ku je ofishin rajistar ƙaramar hukuma tun lokaci bai ƙure ba.